Waɗanne wasanni zan gwada katin hoto da su?

Ɗan'uwa, ka tambayi wasannin da za ka auna ƙarfin katin hoto (na'urar da ke zana hoton wasa a kwamfuta) da su. Shawarata, kada ka tara masu inji ɗaya, wato manhajar da aka gina wasan a kanta. Idan duk na Unreal Engine 5 ne, injin ka auna, ba katin ba. Lallai ka sa Cyberpunk 2077, domin yana gajiyar da kati sosai, kuma yana da nasa gwajin a ciki, kowa zai iya maimaitawa. Counter-Strike 2 kuwa a girman hoto na 1080p yawanci CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yake matsawa ba katin ba, sai a ga kati biyu sun zo kai ɗaya alhali ba haka suke ba. Nemi kuma wasan da ke cinye fiye da 8GB na VRAM, wato ma'ajiyar da ke jikin katin, nan ne hoto ke fara sarƙewa a katin da ma'ajiyarsa ba ta wuce haka ba. Kowane gwaji ka yi shi sau uku, da direba guda, wato manhajar da ke tafiyar da katin.