Waya Daga Amurka, Layi A Legas: Amsa Ga Ɗan Ci-rani A Mile 12

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, wanda shekara uku ke nan yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, ya rubuto da tambaya. Yayansa da ke New York ya aiko masa da iPhone 14, ya juya ta ta kowane gefe bai ga wurin sa sim ba. Layin da yake amfani da shi kuwa ba sunansa ne a kai ba, ɗan maigidansa ne ya yanka masa da tasa lambar NIN, wato lambar shaida ta ƙasa a Najeriya, kuma yaron ya koma Arewa. Wani ya ce ya kawo kuɗi a buɗe masa wayar a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, wani kuma ya ce zai yi masa hanyar NIN a rubuta shi a matsayin mutumin Daura. Yana son ya san da wanne zai fara.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sanya alheri, Ya saka wa Yaya da mafificinsa. Abu biyu ne a gabanka, kuma ina so ka raba su a zuciyarka tun yanzu: maganar waya daban, maganar layi daban. Ta waya mai sauƙi ce, kusan dukanta a hannun Yaya take. Ta layi ita ce mai nauyi, domin ta taɓa takardunka da cinikinka da zumuncinka da gida, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Wayarka lafiyarta ƙalau. Tun daga iPhone 14, wadda ta fito a 2022, kamfanin Apple ya daina sa ma'ajiyar sim a wayoyin da yake sayarwa a Amurka, ya mayar da su kan abin da ake kira eSIM, wato sim ɗin da aka gina a cikin wayar, wanda kamfanin sadarwa yake loda wa lambarka ba tare da an ba ka wani kati a hannu ba. MTN da Airtel duk suna yin wannan aiki a ofisoshinsu na Legas. Ma'aikaci zai tantance ka, ya ba ka wani hoto mai kusurwa huɗu mai zane-zane baƙi da fari, ka haska shi da kyamarar wayar tana haɗe da intanet, bayan ɗan lokaci sai ka ga sunan kamfanin da sandunan sabis sun fito a saman allo.

Amma kafin ka kashe kuɗin mota zuwa kowane ofis, ka haɗa wayar da Wi-Fi na wani ka kunna ta. Idan ta tsaya tana neman adireshin imel da kalmar sirri ta wanda ya riga ka amfani da ita, to tana ɗaure da asusun iCloud, wato asusun mai waya a wurin kamfanin Apple, kuma mai asusun ne kaɗai zai cire ta, yana iya yin hakan daga inda yake zaune a can. Idan ta wuce wannan mataki, ka shiga saitin, ka buɗe General, sannan About, ka gangara har inda aka rubuta Carrier Lock. In ka ga an rubuta "No SIM restrictions", to wayar a sake take, za ta karɓi kowane layi. In ka ga wani abu dabam, to kamfanin da ya sayar da ita a Amurka, AT&T ne ko T-Mobile ko Verizon, ya kulle ta a kan layinsa. Dalilin kullewar ba ɓoyayye ba ne: mafi yawan mutane a can ba sa biyan kuɗin waya gaba ɗaya, ana raba musu shi ne wata-wata har shekara biyu ko uku tare da kuɗin layi, kamfanin kuma yana riƙe da makullin har sai an cika masa sharuɗɗansa. Saboda haka ka tambayi Yaya kai tsaye, cikin ladabi, ko ya gama biyan kuɗinta. In ya gama, shi ne zai nemi kamfanin ya buɗe ta, zai kuma buƙaci lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, wadda za ka gani a wannan shafi na About ko kuma idan ka danna *#06#. Ana buɗewa daga can, kai a nan sai dai ka haɗa ta da intanet ta karɓi saƙon.

Game da Computer Village kuwa, ba zan ɓata masu gyaran Ikeja ba, akwai gwanaye a layin Otigba da suke ta da wayar da kowa ya fid da rai da ita. Sai dai makullin kamfani ba a jikin wayar yake ba, yana cikin rumbun bayanan Apple, shi ya sa sukuddireba ba ta kai gare shi. Abin da ake yi a irin wannan hali shi ne dabara: a fasa wayar a dasa mata ma'ajiyar sim, a kuma liƙa wani siririn guntu da zai ruɗe ta. Yakan yi aiki na ɗan lokaci, amma yana iya tsayawa ranar da wayar ta sabunta manhajarta, sannan wayar da aka fasa ta rasa kariyarta daga ruwa, darajarta kuma ta faɗi ranar sayarwa. Kyauta ce mai tsada, kada ka bari a taɓa cikinta alhali kiran waya guda zuwa New York yana iya warware matsalar. Ka kuma lura cewa ba a sa kan caja a kwalin wannan waya, igiya kawai za ka tarar, don haka ka nemi kai mai kyau mai ƙafa uku irin na soket ɗinmu.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. A ofis ba za a mayar da layinka na yanzu zuwa eSIM ba sai mai layin ya tsaya da kansa an duba fuskarsa ko yatsunsa, kuma a wurin kamfani mai layin shi ne ɗan maigidanka, ba kai ba. Wannan waya ta tona wani rami ne da ka daɗe kana tafiya a bakinsa. Tun Disamba 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN mai alƙaluma 11. A Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, kuma Hukumar Sadarwa ta NCC ta sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Ma'anar wannan a aikace ita ce, duk wanda NIN ɗinsa take kan layi, layin nasa ne. Yaron nan yana iya shiga ofis a Kano ko Katsina ya ce sim ɗinsa ya ɓata, a yi masa abin da masu shago suke kira walkam-bak, a take naka ya mutu a hannunka a tsakiyar ciniki. Ba na zarginsa da mugun nufi, taimako ya yi maka. Amma ko da shi mutumin kirki ne, ranar da aka zare maka waya a cikin motar haya ta danfo tsakanin Ketu da Ojota, ba ka da ikon dawo da lambar, domin ba za a saurare ka ba.

Ka duba abin da ke rataye da wannan lamba. Direban da ya ɗauko kaya daga Aliero ko Galmi ita zai kira idan ya iso Berger da asuba. Matan da suke sarin buhu su kai Oyingbo ita suka adana. Idan kana karɓar kuɗi ta banki ko OPay ko Moniepoint, saƙon shigar kuɗi da lambar sirrin da ake turowa kafin a cire kuɗi duk ta kanta suke biyowa. Mahaifiya a Damagaram, wadda wataƙila jika ne yake danna mata waya, ita kaɗai ta sani. Ajiye dukan wannan a kan sunan wani daidai yake da gina ɗaki a filin aro.

Shi kuwa mai cewa zai rubuta ka mutumin Daura, ka gode masa ka wuce. Na san yadda abin yake da jan hankali, domin harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kuma da yawa cikinmu kakanninsu suna ɓangarori biyu na iyaka. Amma rijistar NIN tana ɗaukar hoton yatsu goma da fuska, kuma lamba ɗaya ake ba mutum har ƙarshen rayuwarsa. Ba da bayanin ƙarya ga NIMC, hukumar da ke ba da NIN, laifi ne a doka, kuma ƙaryar ba ta tsayawa a ranar da aka yi ta: za ta bi ka banki, ta bi ka filin jirgi idan Allah Ya kira ka aikin Hajji, ta ci karo da fasfonka na Nijar a duk inda aka haɗa takardun biyu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, NIN ba ta 'yan ƙasa kaɗai ba ce, baƙon da yake zaune bisa ƙa'ida shi ma ana yi masa da sunansa da ƙasarsa ta gaskiya. Ƙa'idar rijistar sim ta raba baƙi gida biyu: mai ɗan gajeren zama da bai kai shekara biyu ba ana iya yanka masa layi da fasfonsa da shaidar shigowarsa, wanda kuwa ya kai shekara biyu ko ya wuce, irinka, NIN ake nema daga gare shi.

Hanyar ita ce ka fara da Hukumar Shige da Fice. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ba biza har kwana 90, wanda zai zauna fiye da haka kuma sai ya nemi katin zama. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, amma a wannan rana ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su kuma ci gaba da zirga-zirga da zama har sai an fitar da sabon tsari. Ka ɗauki fasfonka mai rai ka je ofishin hukumar da ke Alagbon a Ikoyi ka nemi katin zama. In fasfon ya ƙare ko ba ka da shi, to daga nan aikin zai fara, ta ofishin jakadancin Nijar a Abuja ko ƙaramin ofishinta a Kano, ko kuma idan ka je gida da damina. Da katin zama a hannu sai ka nufi NIMC a Alausa, Ikeja, ko wata cibiyar rijista da aka amince da ita. Rijistar farko kyauta ce. Kada ka je kai kaɗai idan Turanci yana ba ka wahala, shugabannin kasuwarku da fadar Sarkin Hausawa ba sa rasa wanda ya saba da waɗannan ofisoshi.

Na san wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, kuma ba zan ce maka babu jeka-ka-dawo a ciki ba. Kafin ya kammala, ka bar tsohon layin a tsohuwar wayarka, ka riƙa amfani da sabuwar ta hanyar jawo intanet daga tsohuwar. Kada ka sayi sim ɗin da ake tallarsa a bakin titi an riga an yi masa rijista, haramtacce ne a dokar NCC, kuma ba ka san abin da aka aikata da sunan da ke kansa ba.

Idan NIN ta fito, zaɓi biyu gare ka. Mafi kyau shi ne ka roƙi maigidanka ya sa ɗansa ya zo, ku shiga ofis tare a sauya mallakar layin zuwa sunanka, a kuma mayar da shi eSIM a zama ɗaya. Ko da kai za ka biya masa kuɗin mota daga Arewa, lambar da abokan ciniki suka sani ta fi wannan kuɗi. In hakan ya gagara, ka yanki sabon layi da sunanka, amma kada ka yar da tsohon nan take. Ka fara sauya lambar a banki da kan BVN ɗinka, wato lambar tantancewarka ta banki, sannan a WhatsApp ka yi amfani da wurin sauya lamba da ke cikin saitin, wanda yake kwashe rukunoninka ya kuma sanar da mutanenka. Ka yi haka tun tsohon layin yana hannunka, domin layin da aka bari wata shida ba a yi amfani da shi ba kamfani yana iya janye shi, daga baya ya sayar wa wani, shi kuma saƙonnin bankinka su riƙa shiga wayarsa. Idan tsohuwar wayarka Tecno ce ko Infinix, akwai manhajar Move to iOS da take kwashe lambobi da hotuna da hirarrakin WhatsApp, sai dai a lokacin saita iPhone daga farko take aiki, don haka za ka goge wayar ka sake saita ta. Ka yi wannan kafin a loda eSIM, kada a goge shi tare ka sake komawa ofis.

Bayan layi ya hau, lambobin yau da kullum iri ɗaya ne a duk kamfanoni tun 2023: *310# don duba kuɗi, *311* da lambar kati don lodawa, *312# don sayen data, *996# don tabbatar da cewa NIN ɗinka ce a kan layin, 300 kuma don magana da ma'aikatan kamfani. Idan ka kai kuka ba a share maka hawaye ba, 622 lambar NCC ce, kiranta kyauta ne. Ka sa wa WhatsApp lambar sirri ta biyu, kuma duk wanda ya kira ka yana neman alƙaluma shida da aka turo maka, ko da ya yi Hausar Damagaram ya ambaci sunan ƙauyenku, ka kashe wayar. Sim ɗinka na Nijar kuma ka bar shi a ƙaramar waya kana sa masa kati lokaci-lokaci, don ka same shi da rai ranar da ka tsallaka iyaka. Idan ka duba Carrier Lock yau da dare, ka rubuto mini abin da ka gani da amsar da Yaya ya bayar game da biyan kuɗin, sai mu san ko akwai sauran aiki a ɓangarensa. A gaida mutanen Mile 12.