Tambayi lokotoro: Baba na kwance asibiti yana roƙon sigari

Salamu alaikum jama'a, satin nan tambayoyin duk kan taba suka taru, to bismillah.

Wata baiwar Allah daga Tibiri ta ce mahaifinta kwana biyu ke nan da kwantar da shi saboda ciwon zuciya, ya hana kowa sakat sai an sayo mishi sigari, har ƙanenta ya sha zagi. Wai ko su ba shi kara guda ya huce?

Ƴar'uwa kar ku ba shi, amma kuma kar ku ce Baba ya cika rigima. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, shi ne jikinshi ke nema, kuma abin ya fi tsanani a kwana 2 zuwa 3 na farko, faɗa, rashin barci, ciwon kai, daga nan yana sauka cikin sati 2 zuwa 4. Ku samu lokotoron da ke duba shi ku faɗa mishi kara nawa Baba ke sha a rana, ku faɗi gaskiya don na san mu da ɓoye wa dattijo. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a dantse ko ƙirji, mai shan sama da kara 10 a rana galibi da ta miligiram 21 ake farawa sati 6, sai 14 sati 2, sai 7 sati 2. Mutane na tsoro wai ai nikotin ɗin ne dai. E shi ne, amma babu hayaƙi, kuma hayaƙin ne ke ɗauke da kwalta da iskar da ke hana jini ɗaukar oksijan. Wannan iskar cikin awa 12 da daina sha take komawa daidai a jini. In kuma an sa mishi oksijan, don Allah ko ashana kar a kyasta kusa da gadon.

Ni a ganina kwanciyar nan dama ce babba, ba fada, ba mai tebur kusa, ga tsoro ya shige shi. Sai dai inda muke faɗuwa shi ne ranar sallama. Magana ta minti biyar bakin gado ba ta isa, abin da ke aiki shi ne magani tare da a ci gaba da bibiyar mutum aƙalla wata guda bayan ya koma gida. To kafin ku fita ku nemi randebu, ku kwashe kwalin taba da birke daga ɗakinshi, abokan shayinshi ma a roƙe su kar su kunna gabanshi. Sha'awar in ta taso mintoci kaɗan take ta wuce, ya sha ruwa ko ya ja casbi.

Wani ɗan kabu-kabu daga unguwar Zariya ya ce yana shan maganin tarin fuka, ya bar sigari ya koma shisha da taba gari, ya yi daidai?

A'a malam, gudun gara ne ka faɗa zago. Shisha taba ce har da hayaƙin gawayi, ruwan cikinta ba ya hana guba shiga jiki, kuma tiyon da kuke zagayawa baki-baki kai mai tari ai ka san sauran. Taba gari kuma baki da dasashi take ci. Ka cika wata 6 na maganinka, ka bar su duka.

Ta ƙarshe, wani malamin makaranta daga Tasawa yana tambayar ƙwayar maganin daina taba, wai ya ji akwai.

Akwai, varenicline da bupropion. Ta farkon ana fara ta sati guda kafin ranar dainawa a sha sati 12, takan kawo tashin zuciya da mafarkai barkatai. Bupropion kuwa mai farfaɗiya ba ya shan ta sam. Duk biyun sai da ordonas, a farmasi, ba wurin mai tallar magani a kasuwa ba. In ba a samu ba ko kuɗin sun yi yawa, tambayi cingam na nikotin, miligiram 2 ko 4, ana tauna shi kaɗan a aje a kunci, ba a ta taunawa kamar goro ba, kuma kar ka sha kafe ko lemu minti 15 kafin nan.