Amsa: Me ya sa sai an haɗa tiyata da gashi?

'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin tambaya me ya sa za a yi masa gashi, wato haska wurin ciwon da haske mai ƙarfi na na'ura (radiotherapy), tunda za a cire ƙullun da ke cinyarsa. Irin wannan ciwon daji na tsoka, sakoma, ba ya tsayawa iya inda ido ke gani. Yana tura ƙananan ƙwayoyi cikin naman da ke kewaye, wuƙar likita ba ta ganinsu, gashin ne ke kashe su don kada ya dawo wurin. A da yanke ƙafa ake yi, har binciken da aka yi a Amurka aka wallafa a 1982 ya nuna cire ƙullun tare da gashi bai rage tsawon rayuwa ba idan aka kwatanta da yanke ƙafar.

Idan kafin tiyata za a yi gashin, yawanci mako 5 ake yi, Litinin zuwa Juma'a, amma wurin da aka yanka kan yi jinkirin warkewa. Bayan tiyata kuwa gashin ya fi yawa, ƙafa kan ƙage ko ta kumbura daga baya.

Don Allah kada a bari a tsaga ƙullun kafin a yi hoton MRI a ɗebi samfurin nama. Ki kuma tambayi likita batun hoton ƙirji, domin yawanci huhu ciwon yake fara zuwa idan ya bazu.