Amsa ga amaryar da ta tambaya ko sai sun kama tebur a Disneyland Paris

Salamu alaikum 'yan uwa. Amarya, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Tun jiya na ga tambayarki, wai ke da ango za ku Disneyland Paris kwana biyu, kuma tunda ku biyu ne kacal ko dole sai kun kama tebur a gidan abinci tun daga gida, ko kawai in yunwa ta zo ku faɗa duk inda kuka gani. Wallahi ina karantawa sai da na ajiye wayar na yi shiru, don wannan kalmar ta "mu biyu ne kacal" ita ta kai ni ga zama a ƙasa ina kuka a gaban Turawa da 'ya'yansu. Na ga wasu sun ce miki ba sai kin wahalar da kanki ba. Ƙanwata ki kama. Ko guda ɗaya ne ki kama.

Mu a ƙarshen Oktoban 2023 muka je, ni da Abban yara, lokacin ina da cikin wata huɗu ga laulayi bai gama sakina ba. Ni fa tun muna gida na sauke manhajar Disneyland Paris a waya, na ga wurin kama tebur, har na nuna masa. Sai ya ce bari ya tambayi abokinsa. Wannan abokin nasa, ba zan kama suna ba don ƙila matarsa tana cikin guruf ɗin nan, ya fi shekara goma a Faransa, irin mutanen nan ne da ba a taɓa tambayarsu abu su ce ba su sani ba. Ina ji a waya yana dariya, wai "haba Alhaji, ku biyu? Ai masu garke guda na yara ne ke wannan wahalar, ku duk inda kuka shiga da gudu za a ja muku kujera." Bai tsaya nan ba, ya ce ma mu manta da abincin Turawa, madam ɗinsa za ta yi mana shinkafa da miyar kaza shi da kansa zai kawo mana bakin ƙofa da azahar. Ni kuma mai ciki, ana ambatar miyar kaza sai hankalina ya kwanta, na rufe manhajar.

Ranar muka fito daga otal da shayi da burodi ɗaya a cikina. Kin san jirgin ƙasa na RER A ne ke kai mutum, wajen minti 40 daga tsakiyar Paris, kuma tashar ƙarshe Marne-la-Vallée Chessy a bakin ƙofar wurin take. Af, ki kula da wannan, layin rabuwa yake yi gida biyu a hanya, wani jirgin Boissy-Saint-Léger ya nufa, ki duba allo kafin ki shiga kar son zuciyar samun kujera ya kai ki wani gari. Muna isa na ga mutane kamar an yi ɓarin gero. Ashe mun faɗa tsakiyar hutun makarantun Faransa na Toussaint, ga 'yan Ingila su ma suna nasu hutun, ga bikin Halloween an cika ko'ina da kabewa. Mai shekara goma a ƙasar bai ga ya dace ya faɗa mana wannan ba.

Sha biyu da rabi Abban yara ya kira shi, ya ce yana hanya. Ɗaya da kwata, wai madam tana zubawa a kula. To wanda yake hanya kuma ana zubawa a kula, kin ji fa. Ƙarfe biyu waya ta daina shiga gaba ɗaya. Har yau ɗin nan in na tuna yadda Abban yara ke tsaye yana danna kira yana sa wa a kunne yana cirewa, yana kallona ta gefen ido, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Daga nan muka fara zagaye. Duk gidan abinci na zama da muka je, ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa za ta yi murmushi ta tambaya ko mun kama wuri, mu ce a'a amma mu biyu ne kawai, ta duba na'urarta ta ba mu haƙuri ta ce a cike suke har dare. Tsakani da Allah ba wanda ya wulaƙanta mu, ɗaya ma har ta fito ta nuna mana hanyar inda ake sayar da na tsaye. Amma wuri huɗu muka je, sau huɗu na ji bakina yana cewa "mu biyu ne kawai" kamar mai bara.

Abin da ban gane ba sai daga baya, teburin mutum biyu shi ma tebur ne, kuma an riga an sayar da lokacinsa tun makonni. Waɗanda suka sauka a otal ɗin Disney ana buɗe musu kama tebur tun da daɗewa, mu na waje kuma sai saura wata 2 ake buɗe mana. To ki lissafa, kafin ke ki zo da ranarki da yunwarki wasu sun gama rabawa suna kwance a gidajensu.

Sai muka koma na tsaye, inda ake bin layi a karɓa a tire. A nan ne na gane abin da ya bambanta mu da waɗanda ke cewa "ai abinci ko'ina akwai". E akwai, amma na wa? Nan tsiran alade ne a burodi, can boga ce da naman da ba ka san yankan wa ba, can kuma an barbaɗa naman alade a kan fiza. Bature zai tsaya a layi mafi gajarta ya ci ya wuce, ni kuwa sai na karanta allo tukuna, wurin da zan iya ci bai wuce biyu ko uku ba kuma nan ne layin ya fito har waje. Muka shiga wani layi, ga sanyi ga yayyafi, ga ƙamshin mai da ake suya yana juya min ciki. Mun yi wajen rabin awa sai na ji kunnuwana sun toshe, ƙafata ta zama kamar ba tawa ba. Na fita daga layin da kyar na kai bakin wani kwandon shara na yi ta kakarin amai ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci, na sulale na zauna a ƙasa a jiƙe, da sabuwar abayata da na ɗinka musamman don hoto. Yara sanye da kayan gimbiya suna wucewa suna nuna ni. Abban yara ya rasa abin yi, in ya bar layi mun rasa wurinmu, in ya tsaya matarsa na ƙasa, sai ya zo yana min faɗa wai me ya sa ban ci da yawa da safe ba. Ni kuma na ce masa ya je ya tambayi abokinsa. Ranar mun faɗa wa juna maganar da sai da muka dawo gida da sati biyu muka warware ta.

Wata baiwar Allah ce ta cece ni, dattijuwa da ɗankwali, ta ce min 'yar Aljeriya ce. Ba ta jin Turanci ni ba na jin Faransanci, da ɗan Larabcin Islamiyya muka fahimci juna. Ta buɗe jakarta ta ciro dabino a leda da burodi da cuku a ciki da ta yi wa jikokinta, ta tsaya a kaina sai da ta ga na cinye, tana shafa min baya tana cewa bismillah. Ban san sunanta ba, amma har gobe tana cikin addu'ata. Ita ta san wurin, ta zo da guzurinta.

Shi kuwa gogan sai ƙarfe tara na dare ya kira, wai cajinsa ne ya ƙare kuma madam ba ta jin daɗi. Ko haƙuri na kirki bai bayar ba, har da cewa "ai na san za ku samu abin taɓawa." Bayan mun dawo ne matarsa da bakinta take faɗa min a waya wai su tunda suke ba su taɓa shiga Disneyland ba, tikitin ya yi musu tsada, kuma ita ba wanda ya ce mata ta dafa komai ranar. Kin ji mutumin da muka ɗora cikinmu a kan maganarsa. Ban ce Allah ya isa ba saboda zumuncinsu da Abban yara tun na makaranta ne, amma duk sanda ya kira ya ce a gaishe da Hajiya, cewa nake ina banɗaki.

To kin ga na yi nisa, bari in dawo kan tambayarki. A daren nan muna komawa otal na buɗe manhajar ina kuka ina dannawa, ba komai, na sake, ba komai, can wajen sha ɗaya sai ga wuri ya fito a gidan abincin Agrabah Café na ƙarfe uku saura kwata na washegari, wani ya fasa. Nan kam zama mu biyu ya yi rana, don guraben da ake fasawa ƙanana sun fi fitowa. Saboda haka in kin duba kin ga a cike kar ki karaya, ki yi ta leƙawa safe da dare, musamman kwana biyu uku kafin ranar. Kuma ki daina neman sha biyu da rabi ko ƙarfe ɗaya, Faransawa ba sa wasa da lokacin cin abincinsu, tsakanin 12 da 2 kowa na kan tebur. Ki nemi farkon buɗewa ko bayan biyu da rabi.

Agrabah ɗin a ɓangaren Adventureland yake, an yi shi kamar kasuwar Larabawa da fitilu da darduma, abincin kuma irin na Maroko da Gabas ta Tsakiya ne, ɗebi da kanka, akwai kuskus da kayan lambu da gasasshen nama da kayan zaƙi. A lokacin mun biya wajen yuro 40 kowannenmu, kar ki juya shi zuwa naira in ba so kike abincin ya tsaya miki a wuya ba. Maganar nama kuwa ki tambayi ma'aikacin da bakinki a ranar, kar ki dogara da abin da wani ya rubuta a guruf, har da ni ɗin nan. Ki riƙe kalma uku, halal, da sans porc wato ba alade, da sans alcool wato ba giya, don girkin Faransa suna yawan zuba giya a miya, ko kifi ne ki tambaya.

Tunda amarci kuke, ni da ni ce ke Captain Jack's zan nema, shi ma a Adventureland, ciki duhu-duhu da 'yan fitilu kamar dare a bakin teku, kwale-kwalen masu hawa wasan yawon ruwa na Pirates of the Caribbean suna wucewa ta gabanku kuna ci, kuma suna da kifi. Mu ta cikin kwale-kwalen muka hango masu ci, na ce wa Abban yara ka ga waɗanda ba su da aboki a Faransa. Bistrot Chez Rémy ma mutane na rububinsa, an yi komai manya-manya kamar kai ne ɓeran fim ɗin Ratatouille, amma ki lura Disneyland Paris fili biyu ne, shi kuma a na biyun yake, in tikitinki na fili ɗaya ne kama tebur ba zai shigar da ke ba. Wannan kuskuren na ga wasu sun yi a gabana.

Kuma ba cewa na yi ki cika ranarki da tebur safe rana dare ba, asarar kuɗi ce da lokaci, zama ɗaya yana cin awa ɗaya da rabi, ga tikiti da tsada. Ɗaya a rana ya isa, ki ci ki ƙoshi sosai, sauran ki cike da abin jaka. Ana barin mutum ya shiga da ɗan abin taɓawa da gorar ruwa, babbar kula da kayan shimfiɗa ne ba sa bari. Tasha ɗaya kafin Disney akwai Val d'Europe, babbar kasuwa ce da kantin kayan abinci na Auchan a ciki, nan muka sayi burodi da kifin gwangwani da ayaba da yogot a rana ta biyu. Ki taho da dabino daga gida. Ki taho da yajinki a ƙaramar roba, za ki gode min, abincinsu ba gishiri ba yaji kamar na asibiti. In ma kifi da soyayyen dankali kike so akwai Toad Hall a ɓangaren Fantasyland ba ya buƙatar kama wuri, amma ki je da wuri, wasu wuraren na tsaye suna rufewa tun kafin filin ya tashi.

Sai sallah, ki sa 'yar ƙaramar sallaya mai naɗewa a jaka, in lokacin sanyi ne azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa kamar ana koro su, kar ki sa teburinki ya ci miki la'asar. In kina neman wani bayani ki shiga City Hall, ofishinsu na taimakon baƙi, yana nan hannun hagu kina shiga filin farko. Ki sa takalmi mai taushi don Allah ki bar mai tsinin nan na lefe a otal. Fawa bank ma dole, manhajar tana shan caji kamar me, kuma a cikinta teburinki yake.

In kin fasa zuwa teburin da kika kama ki daure ki soke shi, wata mai cikin tana can tana dannawa da sha ɗayan dare. Ki rubuto min ranakun da za ku shiga in duba miki ko sun faɗa hutun makarantunsu, kuma in angon naki yana da aboki a Paris ki ce ina gaishe shi amma ki kama teburinki.