Tambaya da Amsa: Gina Ƙaramin Birni Mai Layin Dogo a Cikin Ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin unguwar Hindawiyya ne a Jidda. Tun da muka hau jirgin Haramain zuwa Madina, ɗana mai shekara 12 yake roƙona mu haɗa ƙaramin layin dogo mai aiki da lantarki, da gidaje da tituna irin na birni. A gidan haya muke, kuma wurin da zan iya warewa bai wuce tsawon santimita 180 da faɗin 60 ba. Zai isa kuwa, kuma ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya raya yaron. Wurin zai isa, muddin ka fara da zaɓen ma'aunin da ya dace da shi. Ma'aunai biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai HO, wanda yake rage komai sau 87, tazarar ƙarafan layinsa milimita 16.5 ce, sai kuma N, mai ragewa sau 160, da tazarar milimita 9. Kafin jirgin HO ya yi kwana ya juyo, galibi yana buƙatar falanki mai faɗin da ya haura santimita 90, saboda haka ba naka ba ne. A ma'aunin N kuwa, kamfanin Kato na Japan yana da lanƙwasassun layuka da suke rufe da'ira a cikin kimanin santimita 53, kuma wannan zai zauna a kan falankinka har da ɗan sarari a gefe.

Sai dai ina ba ka shawara ka lallashi yaron ya haƙura da jirgin Haramain. Tsawon jirgin ya haura mita 200, wato fiye da mita ɗaya da kwata ko a ma'aunin N, don haka shi kaɗai zai cinye mafi yawan tsawon falankinku. Gajeren jirgin cikin gari ya fi dacewa, irin na Riyad da aka buɗe wa jama'a a Disamba 2024, wanda taragunsa biyu ne ko huɗu. Gajerun taragu sun fi iya matsattsiyar kwana, kuma ƙaramar tasha ta ishe su.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne kada ku yi ƙoƙarin gina birni gaba ɗaya. Ku zaɓi titi ɗaya da kwanarsa, ku ba shi haƙƙinsa. Birni yana yi wa mai ƙaramin wuri alherin da karkara ba ta yi, domin dogayen gidaje suna tare ido: jirgi ya shige bayan gini ko ƙarƙashin gada ya ɓace, mai kallo ya ɗauka ya yi nisa, alhali yana zagayowa ne ta baya. Saboda haka ka jera gidaje masu hawa huɗu ko biyar a tsakiyar falankin su ɓoye rabin da'irar, ka bar tasha da shaguna a gaba. Gidan da tsayinsa mita 16 ne zai zama santimita 10 kacal, kuma kwali mai kauri da gam da fenti sun isa gina shi. Ga mazaunin Jidda, tsohon garin Balad, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ya isa abin koyi. Tagogin katakon nan masu fitowa waje da ake kira rawashin za su sa duk wanda ya gani ya san garin da ake nufi, ko da yake a zahiri jirgi ba ya ratsa unguwar.

Danshin Jidda yana lanƙwasa katako, don haka kafinta ya yi wa falankin ƙarfi da sanduna ta ƙasa, a kuma shafe shi da fenti ciki da baya. Kafin ka jona taransifoma, wato ƙaramar na'urar da take ba layin wuta, ka karanta abin da aka rubuta a jikinta, domin wadda aka yi wa kasuwar Japan wutar bolt 100 take ɗauka, ta gidajen Saudiyya kuwa ta ninka haka.

Tambaya: Malam, jirgina yana tafiya yana tsayawa ko da akwai wuta. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu a Madina.

Amsa: 'Yar'uwa, galibi ƙura ce. Jirgin yana ɗaukar wuta ne daga ƙarafan layi ta ƙafafunsa, kuma ɗan dattin da ido bai cika gani ba yana yanke ta. Ki kashe wutar, ki goge saman ƙarafan da ƙafafun da tsumma mai laushi da ɗan sifirit, kada ki kankare da takardar yashi domin tana barin zane mai tara datti. Idan a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, ki duba mahaɗar layuka biyun da ke nan ko ta saki, sannan ki riƙa rufe layin da mayafi idan kin gama.