Feda mai kama takalmi tana ta kayar da ni, in haƙura ne ko in ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na jima ina hawan keken dutse da feda ta gama-gari, kwanan nan na sayi irin wadda take kama takalmi ɗin nan, kilifles, ta Shimano SPD, haɗe da takalminta. Toh matsalar duk sanda na zo tsayawa sai ƙafar ta ƙi fita mu tafi ƙasa ni da keken, a hawan tudu ma ta taɓa kayar da ni har na goge gwiwar hannu. Yanzu wallahi tsoro nake ji, in na hango duwatsu tun daga nesa nake cire ƙafa. Akwai yadda ake koyonta ne ko in koma tsohuwar fedata kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Kar ka kwance ta tukuna, abin da ka faɗa ɗin nan kusan duk wanda ya fara sai ya gamu da shi, kuma yana da magani.

Ka fara gane abin da ke kayar da kai. Ɗan ƙarfen nan da aka ɗaure a ƙasan takalminka, kilit, sifirin ne ke riƙe shi a bakin fedar, kuma an yi shi ne takanas don kar ya saki in ka ja sama ko gaba ko baya. Hanya ɗaya yake fita, ka murɗa diddige waje. Toh kai kuma ƙafarka ta saba in za a tsaya sai ta ɗaga sama, in tsoro ya zo ma sai ta ƙara fizga da ƙarfi, wato daidai inda aka hana fedar saki nan kake ja. Asalin dabarar daga abin ɗaure takalmin masu zamiya a ƙanƙara aka ɗauko ta, kamfanin Look na Faransa ya fito da ita a keke a 1984, sai Shimano ta kawo SPD a 1990 da ƙaramin kilit mai shigewa cikin tafin takalmi yadda mutum zai iya taka ƙasa ya yi tafiya.

Kafin ka sake hawa ka duba kayan, don sau da yawa mutum yana ta zargin kansa alhali saitin ne bai yi ba. A jikin fedar akwai wani ɗan noti da alamar + da − kusa da shi, alanki mai lamba 3 ke shigarsa, ka juya shi wajen − har ya tsaya, kar ka matsa masa in ya kai ƙarshe. Kowace feda fuska biyu gare ta kuma kowace fuska da nata notin, kenan guda huɗu za ka sassauta, mutane da yawa biyu suke taɓawa su manta sauran, sai yau ƙafa ta fita da sauƙi gobe ta ƙi. Sannan ka kifa takalmin ka karanta lambar kilit ɗin. In SH51 ne, baƙin, shi sai an murɗa diddige a kwance yake saki. Akwai SH56 mai harafin M a jiki, wannan ko ka murɗa kana ɗan ɗagawa sama zai fita, ni shi nake ba mai koyo shawara ya sa. Aibinsa in ka fara tsalle-tsalle da keke ko kana jan feda da ƙarfi yakan saki ba ka shirya ba, a lokacin sai ka koma baƙin.

Notikan kilit ɗin guda biyu kuma don Allah kar ka yi wasa da su. Ka shafa musu ɗan giris ka ɗaure tamau da alanki mai lamba 4, in kana da sifanar awo mai auna ƙarfin ɗauri, 5 zuwa 6 Nm ne a ma'auninta, kuma ka sake dubawa bayan fitar farko don sukan zauna su yi sako-sako. In ɗaya ya kwance ya faɗi, za ka murɗa ƙafa takalmin ya juya amma kilit ɗin yana nan maƙale a feda bai motsa ba, babu yadda za ka fita sai dai ka zare ƙafarka daga takalmin. Wannan ya fi komai haɗari a harkar.

Sai koyon kansa. Ka sa hular kwano da safar hannu, ka jingina da bango kana kan sirdi, ka sa gaban kilit ɗin a bakin feda ka danna diddige ƙasa har ka ji ƙas, ka murɗa waje ka fita, ka yi ta maimaitawa dama da hagu har ya ishe ka, ba tare da kallon ƙasa ba. Fita ta fi sauƙi in fedar tana can ƙasa ƙafa a miƙe, a nan diddige ya fi samun ƙarfin juyawa. Daga nan ka tafi fili mai ciyawa, ka riƙa tafiya a hankali kana tsayawa. Tsarin shi ne ka cire ƙafa tun keken yana gangarawa, sannan birki, sannan ka karkata jiki ɓangaren ƙafar da ka cire. Wannan karkatawar ita ake mantawa, mutum ya cire dama lafiya lau sai nauyinsa ya rinjaya hagu ya tafi. Ɗan juya kan keken zuwa ɗaya ɓangaren daidai lokacin tsayawa yana sa keken ya kwanto wajen ƙafar da ke sake. Kuma ka koyar da ƙafa biyun, a daji ba kai ke zaɓar gefen da za ka sauka ba.

Wajen tashi kar ka tsaya neman ramin feda, ka taka da ƙafar da ke ciki keken ya samu gudu, ɗayar ka ɗora ta haka nan ka ci gaba da juyawa, za ta shige da kanta.

Maganar tudu, abin da ya faru da kai shi ne gudu ya ƙare kana kan danna feda da dukkan ƙarfinka, ƙafar da ke ɗauke da nauyi kuwa ba ta murɗuwa da wuri. Ka sauko giya mai sauƙi tun kafin hawan ya yi tsanani, in ka ji ba za ka kai ba ka yanke shawara da sauran ɗan gudu, ka cire ƙafar da ke ɓangaren tudu don ƙasa ta fi kusa a can.

Amma abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne cire ƙafa da kake in ka hango duwatsu. Gaskiya wannan ya fi zama a maƙale haɗari, don ƙarfe ne a kan ƙarfe, fedar ƙarama ce ba ta da haƙoran riƙe roba, dutse ɗaya zai zamar da ƙafarka feda ta daki ƙaurinka. Biyu ce kawai, ko ka shiga da ƙafa biyu a ciki da ɗan gudunka idonka na kallon inda za ka fita, ko ka sauka ka tura keken, kuma turawa ba abin kunya ba ne. Shi ya sa nake so ka koma hanyoyi masu sauƙi da ka haddace ka yi makonni a kansu, kar ka haɗa sabuwar feda da sabuwar hanya. In ka bi ta laka kilit ya cushe, ka buga gefen takalmin a jikin feda kafin ka shiga, ɗigon mai a sifirin ma yana taimakawa.

Komawa tsohuwar feda kuma ba ci baya ba ne, Sam Hill ɗan Ostareliya da irinta ya ci gasar keken dutse ta Enduro World Series a 2017 da 2018 da 2019. In har yanzu ba ka iya ɗaga tayar baya ko tsallake ƙaramin itace ba sai feda ta riƙe ka, ka ajiye tsohuwar kusa kana komawa kanta lokaci-lokaci. In za ka canza ka tuna fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure ta dama.

Ka kuma saurari gwiwarka. Kilit ya zauna ƙarƙashin tudun babban yatsa ko ɗan baya kaɗan, kuma ya bi yadda ƙafarka take zama da kanta, in yatsunka waje suke kallo kar ka tilasta musu miƙewa. Ka ji zafi a gefen gwiwa bayan hawa, ka sassauta notikan ka ɗan juya kilit ɗin kaɗan ka sake gwadawa, in zafin ya ƙi tafiya ka dakata ka ga likita.