Kar ka kai mata tumatir tukuna

To yaro, na ga saƙonka tun la'asar, ina wajen ban ruwa ne hannuna duk laka shi ya sa ban taɓa wayar ba sai yanzu. Ka ce wata Hajiya da ke zaune a hawa na biyu ta zo lambu ba na nan, tana so a haɗa mata bokiti goma ta jera a baranda, duk tumatir, har da sitiroberi da ta gani a Facebook, kai kuma kana tambaya me za ka kai mata kuma wace ƙasa za ka zuba. Ka kyauta da ba ka karɓe kuɗin ka loda mata a adaidaita ba, don wallahi da ka yi haka kafin wata biyu za ta dawo tana cewa mun sayar mata da mataccen iri.

Kafin maganar iri ma, ka je ka ga barandar da idonka, gani ya kori ji. Ka tsaya ka duba ina ta kalla. In gabas ta kalla to Hajiya ta dace, ranar safe ce ke shiga, tana da laushi, kusan komai zai yi. In yamma ce to akwai aiki, ranar azahar zuwa la'asar tana dukan bango bangon kuma ya riƙa mayar da zafin kan shuka har bayan magariba, a watan Afrilu da zafi ke kai 40 a Kano robar kanta sai ka ji kamar ka taɓa murfin tukunya. Kuma kar ka manta daga ƙarshen damina har farkon bazara rana kudu take karkata, saboda haka barandar da ta kalli arewa duk hunturu a inuwa take wuni. Ka tambaye ta ƙarfe nawa rana ke shigowa ƙarfe nawa take fita, ita ta sani tunda can take shanya. Duk abin da zai yi 'ya'ya, tumatir ne ko attaruhu ko kuɓewa, yana son rana kamar awa 6, ganye kuwa ko awa 3 zuwa 4 ya samu zai rufa asiri.

Shi ya sa na ce ganye za ka fara kai mata. Alayyafo na farko. Shi alayyafo ba ya fushi da ɗan koyo, ko ka manta da shi yini ɗaya ya yi yaushi, kana zuba ruwa da yamma kafin gari ya waye ya miƙe. Irinsa ƙanana ne sosai ka san shi, sai ka cakuɗa da rairayi ka yayyafa a sama ka ɗan shafa da tafin hannu, ba a binne shi da zurfi. Kwana 3 zuwa 5 ya tsiro, sati uku zuwa huɗu ta fara yanka, kuma ka nuna mata kar ta tumɓuke, ta yanke ta bar kamar tsawon ɗan yatsa da ganye biyu uku a ƙasa, zai sake tohowa ta ci sau biyu sau uku daga shuka ɗaya. Wanda ya ci miyar da ya shuka da hannunsa cikin wata guda ba ya jefar da bokiti, ni abin da na lura da shi ke nan a shekarun da na yi a wannan sana'a, duk waɗanda suka ɗore da ganye suka fara.

Bayan shi sai albasa mai lawashi, wannan ma ba sai ta sayi iri ba, in ta sayo a kasuwa ta yanke saman ta yi girki, gindin nan mai saiwa ta soka a ƙasa, cikin sati ɗaya ta ga sabon kore. Na'a-na'a ita ma reshe kawai za ka yankar mata daga namu na bakin rijiya, amma ka ba ta robarta ita kaɗai, don in ka haɗa ta da wani abu sai ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye ko'ina kamar gidan ubanta, kuma ita ce ta fi kowa haƙuri da inuwa, ka sa ta can lungun da rana ba ta daɗewa. Ɗoɗɗoya kuma a riƙa tsinke kanta da zarar ta fara fure, sai ta yi rassa ta cika. Rama, yakuwa, lalo, duk waɗannan 'yan gida ne sun saba da zafinmu, da damina ba sa neman komai. Latas kam na hunturu ne, daga Oktoba zuwa Fabrairu, zafi na shigowa zai yi tsawo ya fitar da kai ganyen ya koma ɗaci, kar ka bari ta shuka shi a Maris ta ce hannunta ne ba kyau.

Yanzu maganar ƙasa, nan ne yawancinku kuke faɗuwa. Bokiti ba kwamin lambu ba ne. A kwami in ruwa ya yi yawa ƙasa za ta shanye, in ya yi kaɗan saiwa za ta nutsa ta nemo, a bokiti kuwa abin da ka zuba shi ke nan duniyar shukar. In ka kwaso ƙasar fadama zalla mai laka, bayan ban ruwa uku za ta daskare kamar bulo, saiwa ta kasa numfashi. In ka zuba rairayi zalla ruwa ya wuce kamar a rariya. Ni yadda nake haɗawa, kwano biyu na ƙasar jigawa, kwano ɗaya ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya ɓuntun shinkafa, kuma tsohon ɓuntu wanda ya sha ruwan sama ya yi duhu ya fi sabo, a Kura wajen masu casa tsibi-tsibi yake. Ka jiƙa haɗin ka damƙa a hannu, in ya dunƙule kuma da ka taɓa shi da yatsa ya warwatse to ya yi, in ya tsaya kamar ƙwallon fura ƙara ɓuntu.

Takin nan da na ce ruɓaɓɓe ba wasa nake ba. Lokacin ina kamarka maigidana ya tafi ƙauye biki ya bar mini dashen attaruhu sun fi talatin a gwangwanaye, ni kuma don in burge shi na je gidan wani mai kaji na kwaso kashin ɗanye, har da ɗuminsa, na zuba wa kowanne cike da hannu. Kwana biyu bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an haska masa ashana, kwana huɗu duk sun sunkuyar da kai, ina ta ƙara ruwa ina zaton ƙishi ne. Da ya dawo bai ce mini komai ba, ya tumɓuke guda ɗaya ya miƙo mini saiwar ya ce shinshina. Har yau in na ji warin ɗanyen kashin kaji sai na tuna ranar. Takin da ya ruɓe baƙi ne, ba ya wari, ba ya zafi in ka cusa hannu ciki. Na akuya da na shanu sun fi sauƙin kai, na kaji ƙarfi gare shi a bar shi ya yi watanni. In kuma za ta sa takin zamani, kamfa mai lamba 15-15-15 ɗin nan, murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi bokiti, a binne a gefe nesa da gindi, bayan sati uku a sake.

Mazubi kuwa kar ta ɓata kuɗi kan tukwanen fulawa masu ado. Bokitin fenti mai lita 20, jarkar mai da aka yanke, buhun shinkafa a naɗe bakinsa, tsohon baho da ya tsage, duk suna yi. Ganye baho mai faɗi yake so, zurfin taƙi ɗaya ya isa, su attaruhu da kuɓewa da tumatir kuwa kowane ɗaya bokitinsa, ɗaya fa, na san za ka ga wuri ya rage ka ce bari in ƙara biyu, kar ka ƙara. Ka gasa ƙusa a wuta ka huda wuri biyar ko shida, ni a gefe nake hudawa kamar yatsa biyu daga ƙasa, sai ɗan ruwa ya rage a gindi ya taimaka da rana. Farin bokiti ya fi baƙi saboda zafi. Sannan abu biyu da ba ruwanmu da su a lambu amma a bene su ne rigima. Nauyi, bokiti ɗaya cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai rabin buhun siminti, goma ka ga buhu biyar ke nan, ka jera su jikin bango kar ka tara a bakin baranda, kuma kar a ɗora komai kan ƙarfen inda iskar farkon damina za ta iya tunkuɗo shi kan mutane. Sai ruwan da ke ɗiga, ka sa faranti ko tsohon tire a ƙarƙashi, na taɓa ganin maƙwabta sun yi wata ba sa gaisawa saboda ruwan taki ya sauka kan farar shaddar mai gidan ƙasa ranar Juma'a.

Ban ruwa da safe ne, in bazara ce a ƙara da yamma. Ka koya mata ta soka yatsa, in ta ji danshi a gaɓa ta biyu ta ƙyale shi, masu sabon shauƙi da yawan ruwa suke kashe shuka ba da ƙishi ba. Ruwan alwala ta riƙa tarawa a baho, da na wankin shinkafa, duk suna yi, amma banda ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo. In ruwan bohol ɗinsu mai zartsi ne za ka ga farin abu yana taruwa a saman ƙasa, sai lokaci-lokaci a kwarara ruwa da yawa ya fita ta hudojin ya wanke gishirin.

In ta ci alayyafo sau biyu hannunta ya faɗa, sai ka kai mata kuɓewa da attaruhu. Kuɓewa ba ta son dashe, a jiƙa irin ya kwana a shuka a bokitin kai tsaye, tana son zafi, wajen kwana 50 zuwa 60 ta fara bayarwa, kuma duk bayan kwana biyu a cire, in aka bar ta ta tsufa a jiki uwar sai ta rage haihuwa. Attaruhu shi nawa gare shi, sati biyu har uku kafin ya tsiro, gara ka kai mata dashe daga wajenmu, amma in ya kama zai haura shekara yana ba ta.

Tumatir ɗin da take so ba hana ta za mu yi ba, lokacinsa za a jira. Ka duba manoman Kadawa da Kura, da sanyi suke nomansa, don in zafi ya wuce 35 furen zubewa yake ba ya ɗaure 'ya'ya, da damina kuma ciwon ganye ya dame shi. A yi renon iri a Oktoba, bayan sati uku zuwa huɗu a dasa, irin UC82B ko Roma, su ba sa tsawo sosai, kara ɗaya ya riƙe su. Bokiti biyu ko uku za ta fara da su. Da yake a sama take ƙudan zuma ba ya yawan zuwa, in ya yi fure ta riƙa ɗan kaɗa karan da hantsi. In ta ga gindin tumatir ya yi baƙi ba cuta ba ce a nemi magani, ban ruwa ne yau da yawa gobe babu. Sannan ga sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har ake ce mata ebolar tumatir, kar ka zaci bene zai hana ta, uwarta tashi take da dare. Duk ganyen da ta ga an yi masa farin zane daga ciki ta cire ta ƙona. Farin ƙuda da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, kuwa 'ya'yan darbejiya za a daka, cikin hannu ɗaya a lita ɗaya, ya kwana a jiƙe, a tace a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ban yarda ka kai mata maganin feshi na gona ba, wurin da yara ke wasa ga tagar ɗaki a buɗe.

Sitiroberi ka ce mata ta haƙura, na Jos ne, sanyin can yake so. In dai 'ya'yan itace take sha'awa, lemun tsami ɗan aure a rabin duro yana yi, wanda aka shuka daga ƙwallo sai ta gaji da jira. Rumman ma yana zama a duro kuma yana jure zafi. Kan abarba in ta soka zai kama amma sai ta jira shekara ɗaya da rabi ko biyu don ƙwaya ɗaya tak, na ado ne kawai. Gwanda da kankana ka cire su a lissafi, wurin bai isa ba. Zogale dai a rabin duro, a riƙa sare kansa in ya kai ƙugu, wannan zai ba ta ganye har ta riƙa aika wa maƙwabta.

Aƙalla dai akuya ba ta hawa bene, wannan ta huta, amma ƙadangare da gwara suna hawa kuma sabon tsiro suke bi, ka ce ta nemo tsohon gidan sauro ta rufa na sati biyun farko.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, akwai baho uku da bokitin fenti biyu a bayan rumfa, ka huda su kafin in iso, ka haɗa ƙasar ka bar ta a jiƙe zan zo in damƙa in gani. Irin alayyafon yana cikin gwangwanin madara a saman katanga, ba na cikin ledar ba, wancan na bara ne ƙwari sun shiga.